Hannu Uku a Adashen Hajiya

Ranar Laraba ce kawai nake barin ofis da azahar. Sauran ranakun ina zaune ne a hawa na huɗu na wani gini a titin Elm Street, cikin birnin Greensboro na Amurka, ina tsara wa masu hali yadda za su ci kuɗin fanshonsu a hankali kada ya riga su ƙarewa. Yawancinsu tsofaffin Turawa ne daga Summerfield, wani garin masu kuɗi da ke kusa, waɗanda babbar damuwarsu ita ce wanda zai gaji dawakinsu. Laraba kuwa ta marasa lafiya ce. Wata ƙungiyar jinƙai da ke kusa da asibiti ta ba ni ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da kujeru uku. Mai ciwon daji, ko wanda ƙoda ta gaza, ko wanda shanyewar jiki ta zaunar, sai ya shigo da leda cike da wasiƙun da ya ji tsoron buɗewa. Ba na ba kowa ko sisi. Nawa dai in buɗe, in karanta, in ware masa wadda za ta iya jira da wadda za ta cije shi a cikin makon. Kyauta nake yi, kuma a ɗakin nan na fi ganin amfanin karatuna.

Na shekara huɗu ina wannan aiki ban ga Bahaushe ko ɗaya ya shigo ba. Ba wai ba ma ciwo ba ne. Mu dai za mu kai ƙarar miji wurin liman, mu baje rikicin gida a wurin biki, amma ciwo ba ma fitar da shi. In an tambaye mu sai mu ce ɗan zazzaɓi ne, har ranar da za a kwashe mu ranga-ranga.

Wata Laraba matar da ke tsara mana layi, wata Ba'amurkiya mai yawan fara'a, ta leƙo ta ce tana da tsaraba a gare ni. Wata tsohuwa ce, in ji ta, ta ƙi yarda a haɗa ta da tafinta ta waya, kuma ga alama yarenmu ɗaya. A zatonta alheri ta yi wa matar. Ta buɗe ƙofa ta turo ta ciki, sai ga Hajiya.

Duk wanda ya zauna cikin mutanen Nijar a Greensboro ya san Hajiya. 'Yar Maraɗi ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, ta yi shekaru tana ninke zanuwan gado a wani kamfanin wanki har ƙarfinta ya ja baya ta ajiye. Ita ta tarbe ni a tashar bas ta cikin gari ranar da na iso karatu daga Damagaram da akwati ɗaya, kuma a falonta na kwana wata uku. Ita ce uwar adashen matanmu, mata ashirin da biyu, shekara goma sha takwas ba a taɓa jin kansu ba. Ni kaɗai na ƙi shiga. Na taɓa sakin baki a wurin wani suna na ce adashe kuɗi ne da ke barci, ba riba ba takarda. Tun ranar Hajiya ta sa mini Madam Banki, kuma sunan ya bi ni.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, jakarta a rungume a ƙirji.

"Ashe ke ce," ta ce. "Na yi ɓatan kai." Ta juya.

"Mama, ko kin fita na riga na gan ki. Ki zauna."

Na yi mata bayani cewa abin da aka faɗa a ɗakin nan ba ya fita, in na fitar lasisina za a ƙwace. Ta ce lasisina bai dame ta ba, in rantse mata da Allah. Na rantse. Sannan ta zauna a gefen kujera, ta ce sankarar mama ce, wata shida ke nan. Ta faɗe shi ne tana kallon bango. Duk ramar da muke gani muna cewa ulsa ce, domin haka ta gaya mana, ashe kowane mako uku tana shiga bas ita kaɗai ta je a yi mata ƙarin ruwan maganin daji. Ɗanta da ke Texas ma ɗan ƙaramin ciwo aka ce masa. Haushin kaina ya kama ni, domin ranar Asabar ɗin da ta wuce ni da bakina na tsokane ta cewa tana son komawa budurwa.

Wasiƙa ɗaya ce ta kawo ta. Inshorar lafiyar da ke biya mata asibiti ta gwamnati ce, irin wadda ake ba tsofaffi da naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi, kuma tana da sharaɗi: abin da kake samu a wata da abin da ka ajiye kada su wuce wani ɗan adadi. Ofishin inshorar ya duba asusunta na banki ya ga kuɗi masu yawa suna shiga kowane wata. An ba ta kwana goma ta kawo bayani da hujja, in ba haka ba inshorar za ta tsaya ƙarshen wata. Kwana huɗu wasiƙar ta yi a jakarta. Saura shida, ranar Talata ƙarfe biyar na yamma. Saura mata ƙarin ruwa biyu sannan a yi aiki, kuma likita ya ja mata kunne kada a tsallake ko ɗaya.

"Mama, kuɗin wa ke shiga asusunki?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta sunan babana. "Na adashe mana. Na wa kike so ya zama?"

Da, hannu da hannu ake zubi, ta ƙulle a jaka har ranar kwasa. Tun lokacin annobar korona matan suka koma turowa ta waya, kai tsaye cikin asusunta. Suna zubi ne a ƙarshen wata in albashi ya shigo, kwasa kuma sai Lahadin farko na sabon wata. Ofishin kuwa ranar ɗaya ga wata yake duba abin da mutum ya mallaka. Wato ranar da asusun Hajiya ya fi cika da kuɗin mutane, ranar ce gwamnati ke leƙawa. A takarda, tsohuwar da ke ƙirga kuɗin bas ta zama mai hali.

"To in kwashe su yau in kawo miki ki ɓoye," ta ce.

"Sun riga sun gani. In kin kwashe yanzu cewa za su yi kin gudu da su."

"To mi kike so in yi?"

Na ce kowace mace za ta sa hannu a takarda, da sunanta da adireshinta da lambar wayarta, ta shaida cewa abin da take zubawa nata ne, Hajiya ajiya kawai take yi. Daga nan kuma adashe ya bar asusunta. Sai ta ce in ta kai musu takardar ofishin gwamnati ai sai sun tambayi dalili. Na ce to sai ta gaya musu. Ta tashi ta gyara mayafi, ta ce in ba ta zuwa gobe.

Washegari na tashi aiki na wuce gidanta da takardun banki na wata goma sha biyu. Muka baje su a kan kafet, ni da alƙalami, ita da ƙwaƙwalwarta, wadda ta fi kwamfutata. Kowane layi sai ta ce wannan na wance ne, ta makara da kwana biyu saboda motarta ta lalace. Kuɗin waya duk da sunayen masu su a jiki, wannan ya ɗan kwantar mini da hankali. Amma kowane wata akwai wani babban zubi guda wanda ba shi da suna, tsabar kuɗi ne da Hajiya da kanta ta kai banki ta saka.

"Wannan fa?"

"Na mai kitso ne. Hannu uku gare ta."

Na san ta. Yarinya ce 'yar Tawa, ba za ta wuce talatin da 'yan kai ba, tana kitso a wani shago daga safe har kafaɗunta su sage. Ba ta da takardun zama. Shekara uku da suka wuce aka tsare mijinta a hanya, daga nan aka mayar da shi gida, ya bar ta da yara biyu haifaffun nan. Ba ta taɓa taka ƙofar banki ba saboda tsoro. Adashe shi ne bankinta, shi ya sa ta kama hannu uku, duk abin da ta tara a wata sai ta ƙunso ta kawo wa Hajiya. A idon ofis kuwa kuɗin da ya shiga a hannun Hajiya ba suna, kuɗin Hajiya ne, kamar tana wata sana'a a ɓoye. Shi kaɗai ya isa ya sa Hajiya ta wuce adadin da aka ƙayyade ko da sauran duk sun sa hannu. Na gaya mata haka, ta ce mu bari sai Lahadi.

Juma'a da Asabar ban san yadda na yi su ba. Na haɗu da matan nan a shagon nama, ɗaya har tana ce mini in yi wa Mama faɗa ta daina azumin nafila, ta rame da yawa. Na ce to. Bakina kamar na ƙunshi garwashi.

Lahadi bayan la'asar falon Hajiya ya cika, takalma sun toshe ƙofa, ana shan shayi ana gulmar wani biki. Da na yi sallama da jakar takardu, wata ta rangaɗa guɗa ta ce yau Madam Banki ta tuba. Aka yi dariya. Hajiya ta bari aka gama, ta miƙa wa mai kwasar watan kuɗinta, aka yi addu'a. Sannan ta ce kowa ta ajiye kofinta.

"Ulsar da na ce muku ba ulsa ba ce," ta ce. "Sankara ce. Ana magani. Kar wadda ta yi mini kuka a ɗaki."

Ba wadda ta ji wannan umarni. Salati ya tashi, wasu suka rufe fuska da mayafi. Wata 'yar zangon Kumasi da ke aikin kula da tsofaffi ta miƙe tsaye.

"Mama, six months? Wata shida kina shiga bas ke ɗaya, mu da motoci a ƙofar gida? Me muka yi miki?"

Hajiya ta ce ba su yi mata komai ba, tsoro ta ji kada a ji uwar adashe na ciwo kowa ta janye hannu, waɗanda ba su kwasa ba su tashi a tutar babu. Sai ta nuna ni ta ce in yi musu bayanin sauran. Na yi, a taƙaice, na raba takardu. Ban taɓa ganin an sa hannu da sauri haka ba. Wasu ko karantawa ba su yi ba, har sai da na tsawata musu na ce ba a sa hannu a abin da ba a karanta ba, ko na uwarka ne.

Mai kitso tana can ƙarshen kujera. Ta riƙe takardar da hannu biyu tana bin layukan da ido, Turancinta na shago ne, bai kai na takarda ba. Da biro ya iso wurinta sai ta ɗago.

"Anti, takardar ga ina za ta?"

"Ofishin da ke kula da inshorar Mama."

"Na gwamnati?"

"Na gwamnati."

"Za su kira ni?"

"Mai yiwuwa su kira, su tabbatar ke ce."

"Za su ba wasu sunana?"

Kowa ya san su waye wasu: jami'an da ke kama marasa takarda. Da na ce a'a, da ta sa hannu a take, kuma na ga matan suna roƙona da ido in ce a'a. Na ce abin da na sani shi ne bayanan na aikin inshora ne, amma ba zan dafa Alƙur'ani in ce mata ba za su taɓa zuwa wani wuri ba, domin ban sani ba, kuma abubuwa suna canzawa.

Ta gyaɗa kai, ta ɗora takardar a cinya, ta cire murfin biro. Kafin ta rubuta harafi ɗaya Hajiya ta taso, ita da ke dafa bango in za ta miƙe, ta fizge takardar ta yaga gida biyu.

"Ke ba ki sawa," ta ce. "Kuɗi kika kawo mini amana, ba ki kawo mini sunanki in kai ma gwamnati ba."

Daga nan falo ya kaure. 'Yar Kumasi ta ce a rubuta cewa kuɗin hannun nan nata ne, ita tana da fasfon ƙasar nan, ba abin da za a yi mata. Wasu uku suka ce a raba musu hannu ɗai-ɗai. Na ce ba da ni ba. Na ce shaidar ƙarya ce a takardar gwamnati, albashin kowace a cikinsu a rubuce yake, ma'aikaciya ɗaya mai ido za ta gano, kuma in an gano ba inshora kaɗai Mama za ta rasa ba, har kotu sai an kai ta tare da su. Wata ta ce ita dama ta san boko ya cinye mini imani. Wata ta ce to a yi karo-karo a biya asibitin. Na ce ƙarin ruwa ɗaya ya fi ƙarfin duk abin da aka kwasa yau, su daina yaudarar kansu. Na faɗe shi da tsawa, kuma na yi nadamar muryar, amma ban janye maganar ba. Na tattara takardu ashirin da ɗaya na fita, ba wadda ta raka ni ƙofa.

Litinin da safe na kira ofishin, ban ambaci kowa ba, na tambayi yadda suke ɗaukar tsabar kuɗin da mutum ya saka da kansa in ba wanda ya shaida nasa ne. Amsar da na sani ita aka ba ni. Ana iya ɗaukaka ƙara, ana iya sake nema daga baya in asusu ya gyaru, amma wannan aikin makonni ne, wani lokaci watanni, sankara kuwa ba ta jiran layi. Da azahar na bar wani tsoho da lissafin dawakinsa na tafi gidan Hajiya.

Na same ta kwance a doguwar kujera, jiya ta kwashe mata ƙarfi. Ban ko gama gaisuwa ba na fara. Na ce taurin kai ne, na ce kashe kai ne da hannunta, na ce haɗarin yarinyar wataƙila ne, nata kuwa tabbas ne. Na ɗaga wa matar da ta ciyar da ni wata uku murya har maƙwabta na iya ji. Ta bar ni na gaji.

"Kin gama?" ta ce. "Shekarata sittin da bakwai. Ƙaramin ɗan yarinyar nan yanzu ya shiga aji ɗaya. In aka ɗauke ta, ke za ki riƙa yi musu wanka?"

"Mama, in aka yanke inshorar nan fa?"

"Sai in jira a maido. In Allah ya sa da sauran kwana, zan kai."

"Allah ya ce a nemi magani."

"Na nema. Ban nema da 'ya'yan wata ba. Ba ni dosiyen takardun in sa hannu, ki kai ashirin da ɗaya. Kuma ɗiyata, ban yarda ki je wurin yarinyar nan ba. Na hana."

Ta sa hannu a wasiƙar bayani da takardar da ta ba ni izinin miƙawa a madadinta. Na fito na zauna a mota na yi kuka mai isata, na haushi da na tsoro a haɗe. Ban je wurin yarinyar ba. Wannan dai zan iya rantsuwa a kansa.

Talata wajen ƙarfe goma mai karɓar baƙi ta ofishinmu ta kira ni ta ce wata mata na nemana, ba ta da alƙawari, kuma ta ƙi faɗin sunanta. Na fito na ga mai kitso tsaye kusa da lif ɗin hawa bene, ta ƙi zama a kujerun fatar nan. Daga tashar bas ta tako da ƙafa tana tambayar ginin, tana haki. Na ja ta ɗakina na rufe ƙofa.

"Anti, ki ba ni wata takardar."

"Mama ta hana."

"Mama ba ta nan."

Na ce ta zauna mu yi magana. Na sake maimaita mata duk abin da na faɗa ranar Lahadi, har na ƙara gishiri, ina so ta tsorata ta tafi, ina kuma so ta tsaya, Allah ya sani. Na kira wata lauya da na sani mai kare baƙi marasa takarda, aka ce tana kotu sai Alhamis. Na ce wa yarinyar ba wanda zai zarge ta in ta fasa, ni ce ta farko da zan kare ta.

"Ran da aka tafi da baban yara," ta ce, "mutane sun zo sun yi mini jaje sun tafi. Mama ta kwashe mu wata biyar a ɗakinta. Kuɗina ne ya ja mata wanga abu. In ta rasa magani sabili da ni, da wane ido zan dubi mutane?"

"In wani abu ya faru fa? Yaran?"

"Na yi magana da Antin Kumasi jiya. Na ba ta takardun haihuwarsu da lambar makaranta. Ta ce za ta riƙe su."

Ba da zafin kai ta zo ba, ta riga ta zauna ta shirya wa mafi munin abin da zai iya faruwa, sannan ta shigo bas. Na buga sabuwar takarda na karanta mata layi-layi da Hausa. Ta rubuta sunanta a hankali da irin rubutun makarantar Faransanci, ta sa adireshin gidan da take kwana da 'ya'yanta, ta sa lambar wayarta. Da ta gama ta turo mini takardar.

"Kar ki gaya mata," ta ce. "In ta ji, za ta je ta karɓo ta."

Hajiya ce ta zo neman shawarata, kuma ta hana ni da bakinta. A ƙa'idar aikina ba ni da ikon ƙara ko ƙwayar takarda a fayil ɗinta ba da saninta ba. Na san wannan sarai, ni nake koya wa sababbin ma'aikata. Na zauna da takardar a gabana har azahar ta wuce, na ɗaga waya sau biyu zan kira Hajiya na ajiye. Ƙarfe uku na cusa ta a tsakiyar sauran, na tuƙa zuwa ofishin, na miƙa, aka buga hatimi aka ba ni rasit. Ƙarfe huɗu saura kwata ne a jikin rasit ɗin.

Bayan kwana tara ma'aikaciyar ofishin ta kira mai kitso tana tsakiyar aiki. Ta tambaye ta ko ita ce, ko kuɗin nata ne, ta yi godiya ta kashe. Yarinyar ta ce mini sai da ta shiga banɗaki ta yi amai. Kafin wata ya ƙare wasiƙa ta zo wa Hajiya cewa inshorarta na nan. Ta kira ni muryarta wasai.

"Madam Banki, kin gani? Ashirin da ɗaya ma sun isa. Ke da ihunki kamar za ki rushe mini gida."

Na ce, "Haka ne, Mama. Ki yafe mini."

An yi mata ƙarin ruwan biyu a kan lokaci, wannan karon matan na rige-rigen kai ta. An yi aikin. Yau tana nan da ranta, ta ɗan yi ƙiba, adashe ya koma asusun haɗin gwiwa da sunan mata uku masu aiki, ita kuma tana zaune a kansa da baki. Har yanzu in zance ya zo takan ce abu ɗaya da take alfahari da shi a ciwon nan shi ne ba ta sayar da yarinyar nan ba. Takan faɗe shi a gabana, wani lokaci a gaban yarinyar, mu biyu mu sunkuyar da kai.

Ba abin da ya sami mai kitso zuwa yau. Amma takardar tana can a wani fayil da ba ni da iko da shi, da sunanta da adireshin da 'ya'yanta ke kwana, kuma ni na kai ta da hannuna. Duk ranar da labari ya zaga a wayoyinmu cewa an ga motocin masu kama baƙi a wata unguwa, ko an tsare wani a bakin aiki, nakan bar duk abin da nake yi in kira ta. Makon jiya ina tare da baƙo a ofis irin wannan saƙon ya shigo. Na ce ya yi mini uzuri, na fita baranda. Na kira ba a ɗauka ba. Na sake kira ba a ɗauka ba, na tsaya riƙe da ƙarfen baranda ina lissafin hanyar da ta fi kusa zuwa makarantar yaran. A karo na uku ta ɗauka, ina jin rediyon shago a bayanta.

"Anti, hannuna da mai ne," ta ce. "Ina nan."